Gida Na Uku Bayan Famfo

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 10:20 na safe

Namiji ne! Ya faɗo ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu. Agogon bangon asibiti yana baya da minti huɗu, don haka nawa na ɗauka. Yau ni kaka ne. Bari in sake rubutawa: kaka. Na gode maka, Ubangiji, na gode.

Nas ta miƙo min shi cikin tawul, ina tsoron kada ya suɓuce min, ni da shekara arba'in nake ɗaukar ƙusar agogo da hantsaki ba ta taɓa suɓuce min ba. Tsohuwa, matata, ta ce, "Miƙo min mijina, kai na sallame ka, ka tsufa."

Na ce, "Wannan da ko haƙori ɗaya ba shi da shi?"

Ta ce, "Kai nawa suka rage maka?"

Har nas sai da ta dafa bango don dariya.

Dogo, ɗana, uban yaron, ya taho daga shagon walda da baƙin tabarau a goshi. Ya tsaya bakin ƙofa kamar an dasa shi. Ya ƙi karɓar yaron, wai hannunsa duk baƙin ƙarfe ne. Surukata daga kan gado ta ce, "To ka tsaya nan har ya yi gemu."

Wannan littafi ragowar na makarantar yamma ne. Malamarmu ta ce wanda ya koyi rubutu da furfura ya riƙa yi kullum, in ba haka ba hannu ya manta. Lambobi na sani tun ina yaro, saboda sana'a. Haruffa ne suka zo min a makare. Shekara uku da suka wuce ko sunana ban iya rubutawa ba, yau ga ni ina rubuta jikana.

Yaron nan ya zo a kan gaɓa. Mai Girma, wanda muka sha rana muka zaɓa, ya hau kujera wata biyar ke nan. Hotonsa yana manne a akwatin gilashina. Abokina, jikan nan nawa, ba zai sha wahalar da muka sha ba.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Sun dawo gida. Na rufe teburin gyaran agogona da wuri. Abokina yana barci da hannu a dunƙule, kamar wanda ya zo da niyyar faɗa.

Dogo ya ce samarin unguwa za su je ofishin Mai Girma gobe su tambayi zancen aikin da aka yi musu alkawari. Na ce su yi haƙuri, gaggawa ba ta haifar ɗa mai ido. Ya ce shi dai ba zai je ba, gadon jariri zai haɗa.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Samarin sun wuce ta gaban teburina ƙarfe tara da minti arba'in, suna waƙa. Ƙarfe goma sha biyu saura aka ga hayaƙi ta wajen shataletale. Aka ji ƙara. Kowa ya kwashe kayansa.

Na iso gida na tarar da Dogo a tsakar gida, tartsatsin wuta na tashi, ya kusa gama ƙafar gadon ta huɗu. Bai ma san ana yi ba.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

An hana fita. Babu coci. Mun yi addu'a a ɗaki.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Sun zo ƙarfe shida da kwata. Mota biyu, masu kaki. Ba su yi ta ƙwanƙwasa gidaje suna tambaya ba. Kai tsaye suka zo. Ɗaya yana riƙe da takarda.

Dogo yana sanye da singileti. Sun tafi da shi, ba su bar shi ya sa takalmi ba.

Gadon yana nan, saura fenti.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

An sassauta dokar, ana fita daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma. Na je ofishin 'yan sanda na kusa, ba ya nan. Na je babba, ba ya nan. Na je na bayan tasha, wani ya duba littafi da yatsa har ƙasa, ba ya nan.

Na gaya wa surukata kada ta damu, kuskure ne. Mai Girma ya san ni. Da bakinsa ya kira ni Baba Agogo a gaban jama'a. Gobe zan je gidansa, kalma ɗaya zai yi.

Ta ce, "To, Baba." Tana shayar da yaro, ba ta ɗago ba.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Akwai benci a gefen ƙofar gidan, ƙarƙashin rumfar kwano. Mu goma sha tara muka zauna. Maigadi ya ce Mai Girma yana taro.

Abokina ya cika kwana bakwai. Cibiya ta faɗi.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 4:40 na yamma

Mai Girma yana taro.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Mai Girma ya yi tafiya. Na ga motarsa a ciki, ana wanke ta.

Na gyara wa maigadi maɗaurin agogonsa, tunda ina zaune. Ya ce zai ambace ni.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Tela, maƙwabcina, ya zo ya zauna kan kujerar masu jira a teburina. 'Ya'yansa biyu aka tafi da su ranar Litinin. Bai kawo agogo ba. Ya daɗe yana kallon titi.

Ya ce, "Baba Agogo, abu ɗaya ya tsaya min a wuya. Lungunmu ba suna, gidajenmu ba lamba. Mai kawo takardar wuta ma sai ya yi tambaya sau uku. Yaya aka yi waɗannan suka zo ƙofa-ƙofa ba su ɓata ko sau ɗaya ba?"

Na maƙala gilashi a ido, na buɗe bayan wani agogo da na riga na gyara tun jiya.

Ya ce, "Akwai munafuki a unguwar nan. Ranar da na gano shi, almakashina zai yi aikin da ba a saye shi dominsa ba."

Na ce, "Allah ya kyauta."

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

An buɗe coci. Bencin samari, na hagu ta baya, rabinsa babu kowa. Mai kaɗa ganga ma ba ya nan, da tafi aka yi waƙa.

Fasto ya yi wa'azi. Ya ce mutum numfashi ne a hanci, komai girman rigarsa. Ya ce mu yi wa shugabanni addu'a, an umarce mu da haka, amma kada mu jingina da su da dukan nauyinmu, don bango ne na ƙasa, ruwa yana cin sa. Ya ce Yesu ne kaɗai ba ya sauka daga kujera.

Na ce amin tare da kowa. Ban ji komai ba. Ina ta lissafin ƙarfe nawa ya kamata in isa benci gobe don in sami gaba.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 4:45 na yamma

Taro.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Bari in rubuta shi, tunda littafin nan ba ya magana.

Lokacin neman ƙuri'a, Sakataren Mai Girma ya zo unguwa ya ce za a buɗe babban wurin aiki, a rubuta sunayen samari masu sana'a. Aka ce wa ke da rubutu mai kyau? Na ɗaga hannu kafin kowa. Sati biyu ke nan da karɓar takardar shaidata ta makarantar yamma, kaina ya yi girma.

Na sayi rula sabuwa. Na ja layi kamar yadda Malama ta koya mana. Suna, sana'a, lambar waya. Mutum arba'in da uku. Dogo na sa na ɗaya, don in an fara ɗauka a fara da shi.

Sai na yi tunani, in takardar kiran aiki ta zo, yaya za a gane gidajen? Ba wanda ya sa ni. Ni na ƙara layi na huɗu. Na bi unguwa da ƙafata kwana biyu. Gida na uku bayan famfo, ƙofa shuɗiya. Gidan da ke kallon injin niƙa. Gidan Tela, mai bishiya a ƙofa, ɗakin samari na hannun dama.

Sakatare ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Na yi kwana uku ina ba Tsohuwa labari.

Ranar Litinin, mai riƙe da takardar ya tsaya kusa da ni kamar nan da bakin gado. Kwafi ne, ya yi duhu a gefe. Amma mutum ba ya ɓata rubutun hannunsa.

Talata, ƙarfe 5:00 na yamma

Taro. Dogo ba ya gida. Kwana tara.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Ban je benci ba, ƙafata ta kumbura. Tsohuwa ta aza min Abokina a ƙirji ta tafi ɗebo ruwa. Ya buɗe ido ya kalle ni sosai, kamar mai karɓar haraji. Sai ya yi atishawa. Na yi dariya har hawaye. Daga baya na rasa ko dariyar ce.

Kunnensa na Dogo ne. Goshin nawa ne, Allah ya ba shi haƙuri.

Tsohuwa ta dawo ta ce, "Ɗan makaranta, kwana biyu ba ka karanta min komai daga littafin nan naka ba."

Na ce babu abin karantawa.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

An kira ni ciki.

Falo mai sanyi, kujeru masu laushi, na zauna a bakin ɗaya. Mai Girma ya fito. A hoto ya fi haka tsawo. Idonsa ja, leɓensa ya bushe, yana haɗiyar magani da ruwan gora. Ya ce, "Baba... Baba..." Sakatare ya raɗa masa. Ya ce, "Baba Agogo! Ya iyali?"

Na durƙusa. Ni da na girme shi da shekara ashirin. Na ce ɗana bai fita ba ranar Asabar, gadon jariri yake haɗawa, unguwa shaida ce.

Ya ce abin ya fi ƙarfinsa, daga sama ake matsa masa. Yana cikin magana wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe tsaye zumbur, ya cire hula. "Ranka ya daɗe. E, ranka ya daɗe. Ana kai, ranka ya daɗe." Ya shige ciki da wayar a kunne, bai dawo ba.

Sakatare ya raka ni har baranda. Ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Baba, mun san da yawa cikin yaran nan ba ruwansu. Da aka nemi sunaye, abin da ke hannunmu muka bayar. Waɗanda suka ja gaba ake nema, su kuwa yawancinsu ba sa cikin takardar. Teburinka a bakin titi yake. Ka ga waɗanda suka wuce."



Ya ce, "Ka rubuto mana su, yadda ka yi wancan. Har da layi na huɗu. Ka kawo Litinin, Laraba ɗanka yana gida yana shan ruwan randarsa." Ya ba ni farar takarda biyu, masu kauri. Ya ce ko na ɓata ɗaya.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Na gan su. Goma sha ɗaya na gane a sahun gaba. Na san iyayensu. Na san ƙofofinsu.

Wanda ke gaba duka, mai ɗaga kwali, ɗan Malama ne. Shi kaɗai gare ta. Shi yake kawo mata fitila aji in wuta ta ɗauke.

Waƙa na ga suna yi. Abin da ya faru a shataletale ban gani ba.

Juma'a, ƙarfe 5:30 na yamma

Na tara su a ɗaki, Tsohuwa da surukata. Na faɗi duka, zancen takarda ta farko da ta biyu. Muryata kamar ta mai karanta sanarwa.

Tsohuwa ta ce, "Layi na huɗun nan da ka dame ni da shi?"

Na ce shi.

Ta tashi ta fita tsakar gida, na ji tana jan bokiti ba dalili.

Surukata ta kwantar da yaro. Ta sauko ƙasa ta durƙusa a gabana, abin da na hana ta yi tun ranar da ta shigo gidan nan.

Ta ce, "Baba, na farkon ya wuce, ba da gangan ka yi ba. Ni ban riƙe ka ba. Amma wannan, ka rubuta."

Na ce, "'Yata, 'ya'yan mutane ne."

Ta ce, "Shi Dogo ɗan itace ne? Su suka fita. Shi yana gida. Su suna kwana kan katifa, shi ko takalmi ba shi da shi. Ba ƙarya aka ce ka yi ba, Baba. Abin da idonka ya gani."



Ta ce, "Yaron nan uban bai ɗauke shi sau biyar ba. Na ƙirga."

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 3:00 na rana

Na share teburin ɗaki. Na fere fensir. Na ja layi huɗu da rula, sun miƙe sarai. Na sa lamba ɗaya zuwa goma sha ɗaya.

Na zauna.

Surukata ta kawo min ruwa, ta ajiye a hankali don kada ya zuba a takardar. Ta leƙa. Ta fita.

Ƙarfe uku yanzu. Tun goma nake zaune.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Bayan sujada na tsaya. Fasto yana tattara littattafan waƙa, na taya shi. Na gaya masa.

Bai yi min wa'azi ba. Ya zauna kan benci ya cire tabarau, ya murza ido. Ya ce, "Baba, ni ma ƙanena yana cikin arba'in da ukun. Lamba ta nawa ka ba shi?"

Na ce ta goma sha bakwai.

Ya gyaɗa kai. Sai ya ce, "Wanda ya sayar da arba'in da uku don ya tsira da kujerarsa, kana ganin in ka ba shi goma sha ɗaya zai ba ka canji?"

Na ce ban sani ba. Wataƙila ya bayar. Shi ne abin da ke kashe ni, wataƙila ya bayar.

Ya ce, "Gaskiya ne. Wataƙila." Ya ce ba zai yi min alkawarin da Allah bai yi ba. Bai san ranar fitowar Dogo ba, bai san ta ƙanensa ba. Abin da ya sani, Ubangiji ya san inda suke kwana, ba sai an kwatanta masa ƙofa ba.

Ya tafi ya bar min mabuɗin coci.

Na durƙusa a inda nake. Kwana goma sha uku ina addu'a, amma duk addu'ata ɗaya ce: Allah ka sa Mai Girma ya fito, Allah ka sa Mai Girma ya tuna ni. Ashe Allah na mayar maigadi, shi zai shigar da ni wurin mai gida.

Yau ban iya dogon zance ba. Na ce, Ubangiji, ba ni da kowa. Yaron nan naka ne kafin ya zama nawa. Na faɗa sau da yawa. Ban ji haske ba, ban ji murya ba. Gwiwata ce ta yi ciwo na tashi.

A bakin ƙofa na haɗu da Malama, ta dawo ɗaukar laimarta. Ta ce, "Ɗalibina, ana rubutu kuwa?" Na ce ana yi. Ta ce, "Madalla. Kada ka bar hannu ya kwanta." Ta tambayi Dogo, ta ce kullum tana sa shi a addu'a.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 12:15 na rana

Yau maigadi bai ce taro ba. Da ganina ya buɗe.

Na miƙa wa Sakatare takardunsa biyu. Ya juya ta farko, ya juya ta biyu. Layi da lamba kawai.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Kayanku ne na dawo da su."

Ya ce, "Tsoho, ka san abin da kake yi? Ɗanka fa."

Na ce na sani.

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ya ce, "Duk garin nan wa kake da shi in ba Mai Girma ba? To je ka, Allah ya fito maka da shi."

Na ce, "Amin."

Ba da gatse na faɗa ba. Shi ya ɗauka gatse ne.

Da na fito, mutanen benci suka matsa min wuri. Na ce su zauna, na wuce. Ƙafata ta kawo ni gida, ban san ta wace hanya ba.

Litinin, ƙarfe 5:00 na yamma

Surukata ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Ta ɗauki yaro daga tabarmar da ke kusa da kujerata, ta shiga ɗakinta, ta saki labule.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Na buɗe tebur. Batir biyu, gilashi ɗaya.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Yau ce Larabar.

Surukata ta share ɗakinsu, ta wanke wa Dogo riga ta shanya. Rigar tana kan igiya.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe

Na je shagon Tela. Yana kan keken ɗinki. Na tsaya a gabansa na ce, munafukin da kake nema, ga shi. Na ba shi labari tun daga rula.

Ƙafarsa ta tsaya a kan feda. Almakashi yana nan gefen hannunsa, na gan shi, shi ma ya gan shi.

Ya ce, "Ɗakin samari na hannun dama."

Na ce e.

Ya ce, "Ni na nuna maka ɗakin. Har na ce ka ja layi a ƙarƙashin sunan babban, ya fi iya aiki."

Na manta da wannan.

Ya ci gaba da ɗinki. Na juya zan tafi, ya ce, "Kai da karatunka na tsufa. Da ka zauna jahili irina da duk mun huta." Ban san ko zagi ba ne. Ya tura min kujera da ƙafa. Na zauna har ya gama hannun riga.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Ina jin kukan Abokina ta bango. Kukan yunwa daban, na jiƙa daban, na iya rarrabewa yanzu. Kwana huɗu ban taɓa shi ba.

Tsohuwa ce ke kawo min labarinsa kamar daga wata ƙasa. Wai ya fara bin fitila da ido.

Ta ce, "Ni ban ce ka yi daidai ba, ban ce ka yi kuskure ba. Ci abincinka."

Lahadi, 29 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Coci. Na ce amin.

Dogo ba ya gida. Kwana ashirin da ɗaya. Ubangiji, kana gani.

Talata, 1 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Fasto ya zo da sauri har bai kafe babur ɗinsa daidai ba, ya faɗi. Wata mata mai dafa abinci a gidan yarin da ke bayan gari ta aiko. Suna can, su duka. Suna da rai. Ana barin iyali su gan su ranar Alhamis, minti biyar.

Tsohuwa ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Surukata ta fito da ɗankwali a hannu, ta sa Fasto ya maimaita sau uku.

Ni na ɗaga masa babur.

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Mota biyu muka shiga. Layi tun daga bakin titi, rabinsa 'yan unguwarmu ne. Tela yana gabanmu da leda biyu. Mu mun kai sabulu, riga da takalmi.

Taga ce mai ragar waya, sama da kaina kaɗan. Aka kira lambarmu. Ya fito. An aske masa kai. Wuyansa ya yi tsawo. Yana taka ƙafar hagu a hankali, ban tambaya ba.

Tsohuwa ta sa yatsu cikin wayar, ya kama su.

Surukata ce ta yi magana. Da sauri, don minti biyar ne. Yaro lafiya, shago a rufe, an biya wuta. Sai ta ce, "An ce wa Baba ya rubuta waɗanda suka fita a sake ka. Ya ƙi."

Ban hana ta ba. Haƙƙinta ne.

Dogo ya dube ni. Ya ce, "Da yaushe zan fito?"

Na ce, "Larabar makon jiya. In sun cika alkawari."

Ya jingina goshi da wayar. Na ƙirga daƙiƙa ashirin, ba na iya hana kaina ƙirgawa. Ya ɗago.

Ya ce, "To." Ya sake cewa, "To, Baba."

Ban san wace irin to ba ce. Ban tambaya ba.

Ya ce, "Ku ɗaga min shi, ban ga fuskarsa ba."

Surukata ta ɗaga, ba ta kai ba. Ta yi ɗage, ba ta kai ba. Mai kaki ya ce saura minti ɗaya. Ta juyo ta miƙo min shi ba tare da ta dube ni ba. Na ɗaga shi sama da kaina. Ya yi nauyi. Kwana goma kawai, ya yi nauyi haka!

Dogo ya ce, "Kai! Goshin Baba ne."

Ya yi dariya, haƙorinsa ɗaya na gaba babu. Aka ja shi.

A mota ta dawowa mun matsu a kujerar baya. Na miƙa mata yaron. Ta kalli taga. Ta ce, "Riƙe shi, Baba. Hannuna ya gaji."

Na riƙe shi har gida. Wajen shataletale ya jiƙa min wando sharkaf, ban ce komai ba, don kada a karɓe shi.

Ba a sa ranar shari'a ba. Ba wanda ya san yaushe. Ubangiji ya sani.

Yana barci a cinyata yanzu, da hannu ɗaya nake rubutun nan, shi ya sa ya karkace.